Rijiyar Ɗantani da Dokar "Wa Ya Ce"

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zauna a bencin 'yan aji biyu ba, da furfurata da komai, gwiwoyina sun tokare tebur. Har yau in abin ya faɗo mini a rai zama gagarata yake yi, sai na tashi na zagaya rumfa na dawo.

Ni dai ban yi nisa a boko ba. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare mahaifina ya cire ni ya kai ni gonar rake, tun daga nan mazarƙwaila nake dafawa ina kaiwa kasuwar Makarfi da ta Hunkuyi. Waɗanda nake ba amsa a aji su ne yau suke wuce ni a mota suna ɗaga mini hannu ta gilashi. (Akwai wanda ko sunansa bai iya rubutawa daidai ba, amma bari in yi shiru.) Abu ɗaya ya rage mini na taƙama: a majalisarmu ni ne mai tarihi. Babban labarina kuwa shi ne na Rijiyar Ɗantani, tsohuwar rijiyar da ke bakin garinmu. Ɗantani kakan mahaifina ne. Rijiya na ɗauke da sunan mutum, to wa ya haƙa ta in ba shi ba? Haka nake ba da shi: ya zo da sandarsa da butarsa, ya dubi ƙasa, ya ce nan akwai ruwa, gari ya kafu. Kowace shekara rijiyar tana ƙara zurfi a bakina.

Sai 'yata Ummi (sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na kama sunan) ta shiga aji biyu, aka ba su wata sabuwar malamar tarihi, Malama Bilkisu. Wannan baiwar Allah da dokokinta ta zo. Ba a magana sai an ɗaga hannu. Ba a yi wa mai ba da amsa dariya. Duk wanda ya shigo ana darasi, ko wane ne, zai zauna ya bi dokar aji. Kowane labari sai an ji shi daga baki biyu. Babbar dokar kuma, ba a cewa "an ce" ko "wai". In ka faɗa, aji duka zai tambaye ka wa ya ce.

Ummi ta kwaso abin ta kawo mana gida. Uwarta ta ce an ce tumatir ya faɗi a Ikara, Ummi ta ce mata wa ya ce. Ni har dariya nake yi, don ba a kaina ake yi ba.

Da aka ba su aiki kowa ya kawo tarihin wani abu na garinsu, ta zaɓi rijiyar, na zaunar da ita na zuba mata labari har da ƙari. Bayan 'yan kwanaki sai ta zo tana murza gefen hijabi, ta ce tana so ta canza zuwa tarihin kasuwa, don Malama ta ce baki ɗaya bai isa ba, kuma akwai wata magana. Ban bari ta kai ga wata maganar ba. Abin da kunnena ya ji kawai shi ne wata yarinya mai takarda ta ce bakina bai isa ba, a kan kakana. Na kasa zama, na kasa cin abinci. Da safe na bar injin matsar rake a hannun ƙanena, na zura rigar Juma'a, na hau babur.

Na doka sallama a ƙofar aji kamar mai kiran sallah. Malama ta russuna ta gaishe ni, ta tambayi gida da aiki, sannan ta ce, "Baba, an fara darasi. Ga wuri nan, bismillah." Ta nuna mini benci. Na so in yi magana a tsaye, ta nuna mini da hannu yadda ake yi. Jama'a, na zauna, na ɗaga hannu. Kuma ba ni ta fara kira ba, sai da wata 'yar ƙarama ta gama bayani a kan ganuwar Zariya, hannuna na nan a sama. Ummi kuwa ta kifa kai a tebur.

Da aka zo kaina na miƙe na gyara riga. Na ce, "An ce lokacin da Ɗantani ya iso..."

Aji duka, ba da ihu ba, a tare kamar masu biya karatu: "Wa ya ce?"

Na sake shiri. "To, wai a wancan zamani..."

"Wa ya ce?"

Nan na gano ban san wata ƙofar shiga labari ba sai waɗannan biyun. Na laluba cikin kaina in ga wa ya taɓa faɗa mini, na rasa. Mahaifina dai cewa kawai yake yi sunan kakansa ne a rijiyar. Sai na damƙo sunan da ya fi nauyi: Goggo Tabawa, yayar mahaifina, jikar Ɗantani, wadda duk garin ba wanda ya kai ta shekaru. Na ce ita ce, kuma tana raye, mai shakka ya je ya tambaye ta.

Malama ta ce madalla, irin shaidar da ake so ke nan, ai Ummi ma ta ce ta je wurinta, ba ta dai faɗi abin da ta jiyo ba. Sai na ji ƙarfi ya dawo mini. Na ce wa Ummi ta tashi ta faɗa musu. Ta ce, "Baba, a bari sai mun je gida." Na ce ba gida, nan aka raina mu, nan za a ji. (Ka ga, da hannuna na jawo wa kaina.)

Ta miƙe tana kallon ƙasa. "Goggo ta ce ba shi ya haƙa ba. Ta ce faɗawa ya yi."

Ta ci gaba a hankali, don na ce ta ƙarasa. Ashe rijiya ta girme shi. Wata rana yana gardama da mutane a bakinta, yana magana yana ja da baya yana nuna su da yatsa, sai ya zurma. Da igiyar guga aka jawo shi, kuma yana fitowa ya ɗora gardamar daga inda ya tsaya. Tun daga ranar sunan ya bi rijiyar.

Ka tuna akwai dokar hana dariya. Wallahi gara a ce sun yi. Yara sun cika kumatu, kafaɗu na girgiza, idanu na hawaye, ba sauti ko ɗaya sai ƙarar benci. Malama ta juya ga allo ta daɗe tana goge wurin da ba rubutu. Sannan ta ce yanzu an samu baki biyu, aikin Ummi ya cika, kuma duka biyun za ta kawo. Na nufi ƙofa, sai na ji 'yar ƙaramar nan ta ganuwa tana raɗa cewa ba a fita sai da izini. Na dawo na ɗaga hannu.

Daga nan gidan Goggo na zarce. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, na ce me ya sa duk shekarun nan ba ta taɓa faɗa mini ba. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Yaushe ka taɓa tambayata, ɗan nan? Kullum zuwa kake ka ba ni labarin. Kuma in kana yi ina ganin kakana sak, sai in ƙyale ka."

Kafin la'asar magana ta riga ni isa majalisa. Yanzu ko gaisuwa na yi na ce lafiya lau, sai wani ya ce wa ya ce. Ummi ta yi kwanaki ba ta haɗa ido da ni, har ranar da na kira ta na ce ta karanta mini aikin. Ta sa nawa a farko, na Goggo a ƙarshe, ba ta ce kowa ya yi ƙarya ba. Ta fi ni hankali, ban ji daɗin hakan ba amma na yarda.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka sa rigar Juma'a ka tafi faɗa a kan kakanka, ka fara tsayawa wurin tsohuwar gidanku ka rufe baki. Gardama kam ban daina ba, a jini take. Sai dai in ta kama ni kusa da rijiyar nan, ina duba bayana.