Koriyar Mota Mai Ƙamshin Turare

Ba zan taɓa mantawa ba da wata la'asar da mutanen Kwangila suka miƙe tsaye a bakin titi saboda ni, ni kuwa ina ta ɗaga musu hannu ta tagar mota kamar wanda ya ci zaɓe. Amma bari in faro daga tushe, kada ku yi mini dariya tun lokacinta bai yi ba.

Rabin rayuwata a waje na yi ta. Na yi tafinta a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, na yi aikin fatu a Sudan, na zauna Jidda, na ɗanɗani sanyin Jamus har ya bar mini ciwon gwiwa. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, da Jamusancin da ya isa a sayi burodi a kuma yi faɗa da direban tasi. Da na dawo Tudun Wadar Zariya na ajiye jaka, sai na taho da cutar da ke kama duk wanda ya daɗe a waje: ba a yin abu a gabana ban ce "ai a ƙasa kaza ba haka ake yi ba." (Matata Hajiya Rabi ta ce ko tuwo ta tuƙa sai na gaya mata yadda Sudanawa suke tuƙa nasu.)

Gidanmu gidan yawa ne. Ga ni, ga Hajiya, ga 'yan matanmu, ga jikoki da ke cika mu duk hutu, ga yayana Yaya Sale a sashen gaba, ga Nasiru ɗan ƙanena marigayi da ya tashi a hannuna. In za mu biki sai mu tare Keke Napep jere kamar masu ƙaura. Na ce dole a sayi mota. Abin da nake so bai da yawa: ta ɗauke mu duka, kada ta sha mai, kada kuma kuɗinta ya fi ƙarfin ɗan fanshona. Dillalin farko da na gaya wa haka ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, kai ai jaki kake nema mai kujeru."

Na sha yawo. Wata ƙarama da aka nuna mini, da Yaya Sale ya shiga gwiwarsa ta kai haɓarsa, sai da muka taru muka zaro shi. Wata ƙatuwa kuwa fili kamar zaure, amma tana shan mai kamar raƙumin da ya ƙetaro hamada. Har na fara saduda, sai wani dillali mai suna Ɗanlami ya kira ni wani fili a bayan unguwar Kongo.

Tana can tsaye a gindin darbejiya. Doguwa, koriya shar, ƙofarta ta baya mai buɗewa biyu, tagogin gefe da 'yan labulaye. Kujerun baya sababbi fil, dogayen benci biyu a gefe da gefe, tsakiya fili har ƙarshen mota. Na duba lambobin da ke nuna tafiyar da ta yi, na ga ba ta yi wata tafiyar kirki ba. Ɗanlami ya ce, "Alhaji, motar nan ba ta taɓa fita Zariya ba. Ba ta san gudu ba. Masu ita mutanen kirki ne, sabuwa aka ba su kyauta shi ya sa za su sayar." Ya faɗi kuɗi, na ji araha har sai da na yi gyaran murya don kada ya ga murnata.

Nasiru ya ce mu kira makanike, ko mu tambayi su wane ne masu ita. Na ce da shi, "Yaro, motoci nawa suka sauka daga jirgi a gaban idona a Kwatano? A Jamus irin wannan ake kira motar tsohuwa: daga gida sai kasuwa, daga kasuwa sai gida. Wanda ya samu ya yi sa'a." Na ƙwanƙwasa jikinta, na leƙa ƙasa, na ja dogon numfashi irin na masana. Injin kuwa lafiya lau yake, wannan har gobe ina nan a kan bakana.

Da na kawo ta gida Hajiya Rabi ta leƙa, ta ja hanci, ta ja baya. Ta ce, "Malam, ƙamshin nan kamar na san shi, kuma jikina bai ba ni ba."

Na ce, "Turare ne da ɗan kafur. A Sudan haka masu tsafta suke turara mota."

Ta ce, "To, Allah ya sa alheri." Amma ba ta shiga ba.

Ba a daɗe ba maganar auren Nasiru ta taso. Yarinyar, Maryam, 'yar wani gidan malamai ce a Kwangila. Waliyyinta baffanta ne, Alhaji Shu'aibu, mutum mai tsare gida, kuma mun sami labarin yana ɗari-ɗari da mu. Wai ya ce yaron da ya tashi a hannun wanda ya ƙare rayuwarsa a ƙasashen Turawa, anya ya san al'ada? Da ƙyar aka shawo kansa ya ba mu ranar zuwa neman aure. Nasiru har ya rame. Ranar da za mu tafi ya raka mu bakin mota ya ce, "Baffa, don Allah ban da labarin Jamus." Na ce ya kwantar da hankalinsa, yau zan nuna musu mu ma 'yan asali ne.

Muka shirya, ni da dattawan unguwa, kowa cikin farar babbar riga. Aka sa goro da alewa a ƙarƙashin benci. Yaya Sale, wanda shi ne babbanmu kuma shi zai yi magana, ciwon bayansa ya motsa. Nan na sami damar nuna amfanin motata. Na ce, "Yaya, me ya yi zafi? Shimfiɗa maka za a yi." Aka shimfiɗa darduma a filin tsakiya, ya miƙe sambal, ya ja farin mayafinsa ya rufe har fuska saboda rana. Kafin mu haye gadar Kubanni ya yi barci. Sauran dattawan suka zauna a kan benci gefe da gefe, kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi, don an ce a yi ta addu'a Allah ya tausasa zuciyar Alhaji Shu'aibu.

Ni kuma ina da aƙida a kan mai. Wani direba a Jamus ya taɓa gaya mini cewa gudu shi ne ke shanye tanki, tun daga nan ban ƙara taka mota ba. Haka muka shiga Kwangila a hankali, kamar muna tafe a kan ƙwai.

Daga kwanar farko na fara ganin abin mamaki. Masu shayi suka miƙe. Wani mai faci ya ajiye taya ya ɗaga hannuwa sama. Wasu dattawa da ke hira a kan benci suka yi tsit, suka tashi tsaye. 'Yan acaɓa, waɗanda a Tudun Wada ko sarki ba sa kauce wa, suka dare gefe suka ba ni hanya. Na juya na ce wa Malam Buba, dattijon da ke gefena, "Ka gani? Na je Jidda, na je Jamus, ban taɓa ganin inda ake girmama furfura kamar nan ba." Na sauke gilashi na fara ɗaga musu hannu ina murmushi. Na lura wasu suna kallona wani iri, na ce kunya ce.

Da na duba madubi sai na ga babura sun jeru a bayanmu, a hankali su ma, har da masu tafiya a ƙasa. Malam Buba ya ce, "Alhaji, anya lafiya?" Na ce, "Gidan malamai za mu, ƙila almajirai ne suka zo tarbarmu." (Ku dubi girman kai. Wa ya taɓa tarbar 'yan neman aure da ayari?)

Abin da ban sani ba shi ne, mahaifiyar Alhaji Shu'aibu, Hajiya Kaka, tsohuwa tukuf, ta kwanta asibiti kwanakin baya, kuma ba kowa ya ji an sallamo ta ba.

Muna tsayawa a ƙofar gidan na ji kuka ya ɓarke daga ciki. Maƙwabta mata sun riga mu shiga da labari. Kafin in kashe mota an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Wani ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Ashe Hajiya lokaci ya yi? Allah ya jiƙanta." Na buɗe baki ke nan sai wasu majiya ƙarfi suka nufi bayan mota suna cewa, "A kama a hankali, jama'a, a hankali." Suka buɗe ƙofofin nan biyu, suka kama gefen darduma.

Yaya Sale ya yaye mayafi, ya tashi zaune, ya ce, "Mun iso?"

Na ga gudu a duniya, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Wani ya bar takalminsa, wani ya haye kan babur ɗin da ba nasa ba, wani ƙato ya faɗa kwata yana salati. Yaya Sale kuwa sai lalube yake yana tambaya wa ya ga hularsa.

Alhaji Shu'aibu ya fito ba hula, idonsa jawur. Ya dubi motar, ya dubi Yaya Sale, ya dube ni. Ladanin unguwar, wanda shi kaɗai bai gudu da nisa ba, ya matso ya ce, "Alhaji, wannan ai tsohuwar motar makabartarmu ce. Shekara da shekaru ita ke ɗaukar mana gawa. Kwanan nan wani bawan Allah ya ba da sabuwa, aka sayar da ita." Ya nuna gefenta. Rana ta karkata, kuma a ƙarƙashin sabon fentin ana iya ganin inuwar ayar da aka shafe.

Alhaji Shu'aibu ya ce, "Malam, neman aure kuka zo, ko kashe mini uwa? Yanzu haka an buga wa dangi waya har Kaduna. Samari sun tafi da diga da shebur. Dama an gaya mini halinku." Ya juya zai shiga gida.

Ni kuwa na tsaya riƙe da makullin mota. Fuskar Nasiru kawai nake gani.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda daga zaure. Hajiya Kaka ce, 'yar ƙarama, ta dogara sanda, mata na biye da ita hawaye bai bushe musu ba. Ta tsaya ta ƙare wa motar kallo.

Ta ce, "Wane ne mai gaggawar?"

Na durƙusa har ƙasa, da ciwon gwiwata da komai. Na ce, "Ni ne, Hajiya. Wallahi ban sani ba. Araha na gani."

Ta ce, "Araha! Kai ne wanda aka ce ya zagaye duniya? Ka zagaye duniya ba ka zagayo Kwangila ba?" Sai ta fashe da dariya har tana tari. Ta juya ga ɗanta ta ce, "Shu'aibu, ka ba su wuri su zauna. Yau na ga waɗanda za su yi mini kuka da waɗanda suka tsaya ɗaura ɗankwali tukuna. Wa ya taɓa samun wannan gatan? Kuma mutanen da suka zo neman jikata da ayari haka, ai ba a kore su ba."

A kan tabarmin da aka shimfiɗa don zaman makoki aka zauna aka yi maganar aure. Waɗanda suka gudu suka dawo ɗaya bayan ɗaya neman takalma, aka raba musu goro da alewa, suka zama shaidu. Alhaji Shu'aibu bai yi murmushi ba ko sau ɗaya, amma ya ba da Maryam. Sharaɗinsa guda: ranar kai amarya kada ya ga koriyar nan ko daga nesa.

Da za mu tafi Hajiya Kaka ta aiko a gaya mini in riƙe motar da kyau, ta ga akwai fili, amma in jira sai an aiko.

Motar tana nan har yau, kuma gaskiyar magana ban taɓa ganin mai tattalin mai kamarta ba, tunda ba mai yarda ya shiga. Hajiya Rabi ta koma Keke Napep ɗinta. Ba wanda ya taɓa zuwa aro. Yaya Sale ne kawai abokin tafiyata, shi ma yanzu a gaba yake zama, ido buɗe.

Ni dai na koyi abin da Jamus ba ta koya mini ba: in za ka sayi mota ta hannu, kada ka tsaya a tambayar nisan tafiyar da ta yi. Ka tambayi ina take zuwa. In kuma matarka ta ce ta san ƙamshin, to, ka bar labarin Sudan ka saurare ta.