Rasuwar Shafin Baba Saura-Ƙiris

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da na kasa haɗiyewa, ni babbar 'yar gidan, mai shagon buga takardu da ke bakin titi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar shafin mahaifinmu da ke kundin sani na intanet, wancan kundin da kowa ke iya shiga ya rubuta tarihin wani. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, yana da wata goma sha ɗaya a duniya.

Ga wanda bai sani ba, Baba malamin asibiti ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wanke ciwo da yi wa yara allura. Da ya ajiye aiki ya tsaya takarar majalisa sau uku, ya faɗi sau uku. Duk lokacin da aka faɗi sakamako sai ya kaɗa kai ya ce saura ƙiris, har sunan ya bi shi. Yanzu idanunsa sun yi rauni, ko agogon bango ba ya gani.

Ni na haifi marigayin da hannuna, a kwamfutar da ke kusa da taga. Ya tashi mai kunya da sanin ya kamata. Sakin layi biyar gare shi da hoto ɗaya, wanda hular Baba ta ɗan karkace a ciki. Ruwan sama bai taɓa ɗaye shi daga bango ba yadda ya yi wa fostocinmu, 'yan adawa ba su taɓa zana masa gemu ba. Tsawon rayuwarsa bai taɓa cewa Baba ya faɗi ba, sai dai ya ce ya samu ƙuri'u masu yawa. Kullum da safe kafin in fita, Baba kan gyara zama ya ce, “Uwata, karanto mini mutumin nan.” In karanta, ya saurara kamar labarin wani ake ba shi, ya ce, “Kai, wannan ya yi ƙoƙari.”

Marigayin ba mai surutu ba ne. Magana ɗaya muka san shi da ita, “ƙilin!” a wayata idan wani ya gyara masa waƙafi. A makonsa na ƙarshe ne ya dinga yin ta ba ƙaƙƙautawa, ƙilin, ƙilin, har na tsani wayar.

Ciwon ajalin ya fara da wani akwatin gargaɗi da ya fito masa a goshi. Masu kula da kundin, waɗanda ban taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba, suka duba shi suka ce rashin shahara ke damunsa. Wai tsayawa takara ba ya sa mutum ya cancanci shafi, sai ya ci, ko kuma jaridu sun yi dogon rubutu a kansa ba tare da ya roƙa ba. Jama'a, ku ji fa! Wanda ya kayar da Baba shekara huɗu ya yi yana gyangyaɗi a majalisa, amma shi yana da shafi har da hotuna uku. Na kai musu fosta, suka ce ku kuka buga. Na kai gaisuwar da aka yi masa a rediyo, suka ce ku kuka aika. To da wa zai aika, maƙiyansa? Wata daga cikinsu ta rubuto mini da lalama cewa 'yan takara dubbai ne kowace shekara, kuma babu mai iya tantance abin da 'ya'yansu za su rubuta. Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Suka ce za a yi kwana bakwai ana tattaunawa, kowa ya rubuta a bar shi ko a goge shi.

Nan ne na yi kuskuren faɗa wa Kawu, ƙanin Baba, wanda ya jagoranci yaƙin neman zaɓensa duka ukun. Ya miƙe tsaye. “A bar shi ko a goge shi? 'Yar nan, ai zaɓe ne wannan! Su nawa ne a can?” Na ce masu cewa a goge shi huɗu ne. Ya yi wata dariyar da rabona da jin ta tun zaɓen farko.

Washegari shagona ya cika. Kawu ya kwaso direbobin tasha da matan layinmu da tsofaffin da Baba ya taɓa ɗaure wa ƙafa. Layin maza daban, na mata daban, har da wakili mai lura da layi. Ni ina buɗe wa kowa akawun na shiga kundin a kwamfutocina uku, Kawu yana tsaye yana faɗa musu abin da za su rubuta: a bar shi, mutumin kirki ne. Goggonmu ta nemi inda za ta dangwala yatsa. Kafin la'asar muna da arba'in da ɗaya, su suna nan a huɗunsu.

Kawu bai jira kowa ba, ya wuce ɗakin Baba da jama'a a bayansa. “Yaya, mun ci! Arba'in da ɗaya da huɗu!” Baba ya cire tabarau ya goge ido da gefen riga, ya ce, “Ashe zan ga wannan rana.”

Ranar Talata wanda ya rufe tattaunawar ya rubuta layi biyu. Ya ce wannan ba zaɓe ba ne, hujja ake aunawa, ba a ƙirga kawuna. Ya ce mutum arba'in da ɗaya da suka yi magana iri ɗaya daga shago ɗaya, a wurinsu mutum ɗaya ne. Ya toshe mu duka, har da Goggo da ba ta san me ta danna ba. Wayata ta ce ƙilin, shi ke nan, an goge shafin.

Marigayin ya bar uba ɗaya, da ni, da Kawu wanda har yanzu yake neman inda ake ɗaukaka ƙara, da akawun arba'in da ɗaya marayu, da kwali biyu na tsofaffin fostoci a ƙarƙashin tebur.

An riga an binne shi ba da izininmu ba. Duk wanda ya rubuta sunan Baba yanzu, sai kundin ya kai shi shafin zaɓen, inda sunan yake a layi na uku cikin jadawali, ƙasa da hoton mai gyangyaɗi. Allah ya sa na buga kwafi ɗaya kafin rai ya yi halinsa. Za a sa masa leda ranar Asabar da ƙarfe goma, a ajiye shi a jakata.

Za a karɓi gaisuwa a shago, ba a gida ba. Don Allah kada kowa ya zo da mota cike da mutane, mun ga amfaninsu. Wanda kuma ya biya ta gida ya gaida Baba, ya taya shi murna ya fito. Shi dai abin da ya sani ya ci zaɓe. Gobe da safe ma zai ce in karanto masa mutumin nan, ni kuma zan riƙe wayar a hannu ɗaya, takardar a ɗayan, in karanta.