Bidiyon Kaka a Kan Teburin Keke

"…ya gajiyar zama kuma, maigida? Ko har yau akwatin naka bai haihu ba?"

"Lafiya lau, amarya. Naƙuda yake, kar ki sa mana ido."

Tun safe jikan yake shagon ɗinkin kakarsa. Ya ɗora kwamfutarsa a gefen teburin keke, don nan ne kawai soket mai aiki, ya jona kyamara da wata 'yar waya. Bidiyon ranar da Kaka ta yaye ɗalibanta goma sha biyu yake so ya matse ya zuba a filashi. Yayar Kaka, wadda ta koya mata ɗinki, tana kwance a wani gari ba ta iya tashi, kuma ta aiko cewa tana so ta gani da idonta. Kawu direba zai biyo ya karɓa kafin azahar. In ya wuce, sai wani watan, alhali jikin tsohuwar ba na jira ba ne.

Kwamfutar ta yi ƙara ta tsaya.

"Me ta ce?"

"Wai memori bai isa ba. Kanta ya cika."

"Allah sarki, ta biyo mai ita. Kai ma aike biyu in aka haɗa maka, ɗaya a hanya yake zubewa."

"Ni da na yi karatun abin nan wata shida?"

"Wata shida kana ɗumama musu benci. Tsawon bidiyon nawa?"

"Awa biyu da rabi. Rabi duk jawabinki ne, shi ya ƙware ta."

"Ka taɓa ganin na tura bandir ɗin yadi guda ƙarƙashin allura? Yanka shi gida-gida, ragon miji. Kuma waɗancan 'yan ƙwallon da ke guje-guje a gefe, su ma ɗalibaina ne?"

Ya rufe shafin ƙwallo da wasu goma da ya buɗe, ya raba bidiyon huɗu. Kashin farko ya wuce sumul. Ya gyara wuyan riga.

"Kin ga aikin injiniya? Dama abin da nake shirin yi ke nan."

"Sannu, injiniyan bayan an faɗa."

Ta koma kan kekenta ta hau taka shi. Ko minti biyu ba a yi ba sai wani jan rubutu ya fito: an kasa karanta fayil. Ya sake sawa, ya tafi kaɗan, ya tsaya. Karo na uku ma haka. In katin kyamarar ne ya lalace, ba su da kwafi ko ɗaya. Ya saci kallon agogon bango, sha biyu ta gota.

"Yanzu kuma fa?"

"Wai ba ta iya karantawa."

"Kai, wannan a ajinku ɗaya kuka zauna! Me ta kasa karantawa?"

"Fuskarki ta gani, amarya. Ko ni da na saba sai na yi addu'a."

"Fuskar da kakanka ya yi shekara uku yana sintiri a kanta? Kai da kan nan naka kamar murfin tukunya, wa zai kalle ka?"

Ta ɗauke ƙafa daga keken, ta juyo ta wanke shi tas, tun daga kunnuwansa har takalminsa. Yana ta dariyar yaƙe, idonsa na kan allo. Can ta katse maganar, ta zaro tabarau ta leƙa.

"Tsaya. Ba ga shi yana tafiya ba?"

Layin da ke nuna tafiyar aikin na ci gaba kuwa. Ta taka keken sau uku, jan rubutu ya dawo.

"Ka gani? In ina ɗinki ta yi kuka, in ina zaginka ta yi aiki. Dubi bakin wayar nan, rawa yake kamar haƙorin tsoho. Teburin ke girgiza shi."

Ya taɓa wayar, ga ta sako-sako. Kunya ta rufe shi. Kaka ta yago ƙyalle, ta ɗaure wayar tamau a jikin kyamarar, ta tura keken gefe ta naɗe hannu.

"To, don Allah ci gaba da zagina," ya ce, "saura kashi uku."

Ba ta yi masa rowa ba. Kafin ta kai kan yadda yake tafiya, aiki ya kammala. Ya buɗe filashin don gwaji, sai ga Kaka a allo tsakiyar ɗalibanta, tana cewa duk wanda ya riƙe almakashi a ɗakin nan, hannun yayarta ya riƙe. Kaka ta goge tabarau da bakin mayafi.

Hon ɗin motar Kawu ya tashi a waje.

"Wa ya gyara?" ta ce, tana miƙo hannu.

Ya durƙusa ya sa mata filashin a tafi da hannu biyu, yana dariya.

"Ke ce, amarya. Na sallama."

"Faɗa da ƙarfi, kawunka bai ji ba."