Sonda Ta Rasu a Rijiyar Inna Biba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda haƙuri bai gama lulluɓe shi ba har yanzu, Malama Mardiya Abdulhamid, ma'aikaciyar kula da tsabtar ruwa a Madawa, tana sanar da ƴan'uwa da abokan aiki, da duk mai rijiya a cikin gidansa daga Sabon Gida har Garhanga, rasuwar abokiyar aikinta Sonda. Ajali ya cim mata ranar Talata da hantsi, a cikin rijiyar gidan Inna Biba da ke Sabon Gida, tana da shekara goma sha ɗaya a bakin aiki. Ba tsufa ne ya ɗauke ta ba. Hannun mutum ne, mutumin kuma yana da suna, za a zo kansa.

Domin waɗanda ba su san marigayiya ba, na'ura ce ta awon zurfin ruwa a rijiya. Jikinta faifai ne mai mariƙi, an naɗe masa tef rawaya mai tsawon metir hamsin, da siraran wayoyi biyu a cikinsa, da ɗan ƙarfe kamar yatsa a ƙarshensa. Idan aka zura ta, sai ta sauka shiru, ba ta cewa komai har sai bakinta ya taɓa ruwa. A nan take cewa "tsiii", sau ɗaya, sai a karanta lambar da ke bakin rijiya. Iyakar maganarta ke nan a duniya, ba a kuma taɓa kama ta da ƙarya ba.

Malama Mardiya ta gaje ta ne daga wani tsohon malaminta ranar da ya ajiye aiki. Shekara biyu ke nan suna yawo tare a kan binciken da za ta gabatar domin ƙarin karatu, a kan yadda ramin salga ke lalata rijiyar gida idan sun yi kusa, musamman a ƙasar fadama inda ruwa ke tasowa da damina. Rijiya talatin da ɗaya suke ziyarta kowane wata. A Garhanga, inda ruwa ke ɓoye ƙarƙashin dutse, marigayiya ta sha sauka metir arba'in ba tare da gunaguni ba. A Urno ita ce ta nuna cewa ruwan wata rijiya ya taso har ya haɗu da ƙasan salgar gidan, bayan masu gidan sun shafe damina biyu suna ɗora gudawar ƴaƴansu a kan maƙwabciya. An rufe salgar, an kuma koma gaisawa da maƙwabciyar.

Marigayiya ba ta taɓa zama atiliye ba, wato taron ƙara wa juna sani da ake yi wa ma'aikata. Ba ta da takardar shaida ko ɗaya. Ba ta taɓa tambaya ko akwai abincin rana kafin ta fita aiki ba, ba ta kuma taɓa sa hannu a takardar halarta ta sulale ba. An kawo wannan ne domin a gwada ta da wanda ya kashe ta.

Mushe Abdoulkadir, kamar yadda ƴan boko ke kiran Malam Abdoulkadir, ɗan Inna Biba, na gaba da Malama Mardiya ne a biro, wato ofis. Takardun shaida bakwai ne a jere a bangon bayan kujerarsa, kowace a cikin gilashi, uku daga ciki a kan kare rijiyoyi daga ƙazanta. Da bakinsa ya sha koya wa jama'a cewa a bar tazarar metir talatin tsakanin salga da rijiya. Shi ne kuma ya sa Mati, maginin rijiyar garin, ya haƙa masa ramin salga taki goma sha ɗaya daga rijiyar mahaifiyarsa, domin kada manyan baƙinsa su ratsa cikin gida idan sun matsu. Gida tara ke shan ruwan wannan rijiya.

Malama Mardiya ta yi masa magana cikin ladabi, ya ce ruwan yana can ƙasa, rami ba zai kai shi ba. Littafin awo kuwa ya nuna ruwan yana metir bakwai a watan Afrilu, ya taso zuwa biyar a Yuli. Ramin an ce a kai shi huɗu da rabi. Saura awon Agusta, lokacin da ruwa ke kai ƙarshen hawansa. Mati, wanda ya fi mai gilashi bakwai tsoron Allah a wannan lamari, ya tsaya da dagi a hannu ya ce mata: "Malama, ni ban yi boko a lakwal ba, amma ƙarhen ga bai taɓa yi min ƙarya ba. In ya yi kuka kamin metir huɗu, na aje dagi, ko wa ac ce in gina." Aka tsayar da ranar Alhamis.

Ranar Litinin suna Sabon Gida hadari ya haɗu, hanyar komawa Madawa kuma a kan babur ce. Malama Mardiya ta ji tsoron ruwan sama ya jiƙa marigayiya, ta bar ta amana a ɗakin Inna Biba, wadda ke son ta kamar jika, takan kuma ce: "Ɗiyata, sako tsuntsuwan nan taki ta yi muna kuka." Wannan kuskure na Malama Mardiya ne, ta amsa shi, tana kuma neman gafarar Ubangiji a kansa.

Washegari wasakin gidan, wato gugan roba, ya tsinke ya faɗa rijiya. Kowa a Sabon Gida ya san abin da ake yi idan wasaki ya faɗa. Ƙugiyar unguwa tana gidan Mati, a rataye a zaure tun zamanin mahaifinsa. Mai buƙata yakan je da kansa, ya yi sallama, ya gaisa, ya roƙa, idan ya mayar kuma ya haɗa da gugan ruwa na farko. Ba a aike, ba a kira a waya. Mushe Abdoulkadir, da ke gida ranar, ya ga girmansa ya wuce ya tsaya a zauren mutumin da ya musa masa a gaban mace. Sai ya shiga ɗakin mahaifiyarsa, ya jawo amana daga ƙarƙashin gado, ya lanƙwasa wata waya kamar ƙugiya, ya ɗaura wa marigayiya a wuya.

Wadda aka halitta domin ta sumbaci ruwa ta dawo, aka nutsa ta har ƙasa. Inna Biba tana madafa ta ji kukan, "tsiiiiii", ba sau ɗaya ba kamar yadda aka saba, kuka ne mai tsawo wanda ba ya yankewa. Ta fito tana cewa: "Abdu, mi kaka yi wa tsuntsuwar mutane?" Ya ce ta bari, ya kama. Ya kama ɗin kuwa. Wasaki cike da ruwa ya maƙale a gaɓar siminti, mai takardu bakwai ya kafa ƙafa a bakin rijiya ya ja da ƙarfinsa duka. Kukan ya yi rawa, ya shaƙe, ya ɗauke. Tef ya tsinke a kan lamba shida.

Mati ne ya fito da kan marigayiya da ƙugiyar da aka ƙi roƙa. Ya fito da wasakin ma, yana nan lafiya lau, ana ci gaba da jan ruwa da shi.

An garzaya da ita wurin mai gyaran rediyo a kasuwar Madawa. Ya buɗe, ya duba, ya ce wayoyin sun tsinke a wuri fiye da goma a cikin tef, ruwa kuma ya cika kai. Ya rufe, ya yi wa Malama Mardiya gaisuwa. Wata sabuwa sai daga Yamai, ba kuma za ta iso ba sai ruwa ya koma ƙasa. Ta'aziyyar da aka samu daga Mushe Abdoulkadir ita ce: "Haba Madam, tef na kawai, a ƙulla shi mana."

Ranar Alhamis Malama Mardiya ta cika alkawari da igiya da dutse, kamar yadda kakanni ke yi. Ruwa yana metir uku da santi saba'in. Ramin ya riga ya kai uku da rabi. Da aka kai wa Mushe Abdoulkadir lambar, sai ya ce awon igiya ba ilimi ba ne, ba za a tsayar da aiki a kansa ba, a kawo masa awon na'ura. Malama Mardiya ba ta ce da gangan aka yi kisan ba. Allah ne masanin abin da ke cikin zukata. Ita dai ta san Talata tana zuwa kafin Alhamis.

Marigayiya ta rasu ta bar littafin awo mai gurbi ɗaya a buɗe a ƙarƙashin Agusta. Ta bar jakarta ta fata da aka ɗinka a Tawa, da kwalaben ɗibar ruwa goma sha biyu, da pil huɗu, wato batir, masu sauran ƙarfi. Ta bar rijiyoyi talatin da ɗaya waɗanda ba su san ba za ta sake leƙa su ba. Ta bar Inna Biba, wadda ta yini ba ta yi wa ɗanta magana ba, da magriba ta kira Malama Mardiya da Mati, ta ce: "Gidan ga nau na, rijiyar ga maigidana yag gina ta. Ɗana ya kashe, ɗana kuma ya sa an gina kushewa. Ku sa ta ciki."

Saboda haka za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, bayan an karya kumallo, a gidan Inna Biba, a cikin ramin da ke taki goma sha ɗaya daga rijiya. Ba za a yi mata salla ba, ba za a sa mata likkafani ba, domin waɗannan haƙƙin ɗan Adam ne, Malama Mardiya ba ta wasa da su. An cire mata pil da duk abin da ka iya gurɓata ƙasa, domin ba za ta so ta yi a mace abin da ta yi yaƙi da shi a raye ba. Mati ne zai saukar da ita. Kabarin yana da zurfi, gawar kuma ƙarama ce, don haka ana roƙon kowane gida daga cikin gida taran nan ya aiko da mutum biyu da shebur, wanda ba shi da shebur ya zo da kwano. Ba za a watse ba sai ƙasa ta zo daidai da ƙasa, an tattake ta da kyau. Inna Biba za ta dasa zogale a kai.

Ba a buƙatar goro, ba za a yi zaman makoki ba. Mai son yi wa marigayiya alheri ya je ya taka tazarar da ke tsakanin salgarsa da rijiyarsa, ya ƙirga da gaskiya.

An ɗauke wa Mushe Abdoulkadir nauyin halarta, domin ranar yana Tawa wurin atiliye na takwas, a kan kare rijiyoyin gida. An liƙa wannan sanarwa a ƙofar biro ɗinsa tun jiya, don kada a ce an ɓoye masa. Ta wuce shafi ɗaya, kuma babu wurin sa hannu a ƙasanta, saboda haka ba a tsammanin zai karanta.

Allah ya tsare mana ruwanmu, ya shirye shi, ya ba Malama Mardiya ikon yafe masa. Har zuwa rubuta wannan sanarwa tana kan roƙo.