Hawayen Perezidan

Alhaji Hayatu ya cire Ramatu daga gurup ɗin unguwarmu tana cikin takaba. Laifinta shi ne ya yi mata kuka ba ta gode ba.

Ga wanda bai san shi ba, Alhaji dillalin shanu ne a nan Garwa, shi ne kuma admin ɗin WhatsApp na unguwa, ko da yake ya fi son a ce masa Perezidan. Bawan Allah ne mai taushin zuciya. Taushin ya kai har 'yan fuskokin nan masu hawaye da kowa ke turawa sun yi masa kaɗan. Sai ya zura babbar riga ya tafi wurin Pierre mai hoto, aka ɗauke shi hannu a ƙirji, baki a karkace, aka zana masa hawaye shuɗaye har gemu, aka mai da shi sitika. Tun ranar ba a yi rasuwa a unguwar nan ba a ga fuskar Perezidan ba. Ƙafarsa ce dai ba a gani.

"Ta'aziyyar zamani ke nan," in ji shi. "Ku naku kukan bushewa yake yi. Nawa yana nan a waya har abada."

Mijin Ramatu, Malam Shu'aibu mahauci, katanga ce kawai ta raba gidansa da na Alhaji. Ranar da Malam Shu'aibu ya rasu, ana fita da gawa Perezidan na falo ƙarƙashin fanka yana tura fuskarsa. Ya tura ya sake turawa, saboda haƙƙin maƙwabtaka. Sannan ya zauna jiran ta manna masa jar zuciya. Ita kuwa ko inda wayarta take ba ta sani ba.

Bayan sadakar bakwai ya fitar da sanarwa: "Gurup ɗin nan ba wurin marasa godiya ba ne." A gurup ɗin nan Ramatu ke tallar kilishinta, kuma yanzu kilishin ne abincin marayunta.

To, makon jiya motar shanun Alhaji ta kife a hanyar Ngong. Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Ya rubuto: "Jama'a, masifa ta same ni. Mahauta su zo da wuƙaƙe kafin shanu su zama mushe."

Mahautan unguwa, abokan marigayi, ba su ɓata lokaci ba. Kowannensu ya tura masa sitikar nan tasa mai hawaye shuɗaye. Wani ma ya tura ya sake turawa. Mutanen ƙauyen gefen titi ne suka yi yankan, yanzu kuma Perezidan na yawo yana cewa an wulakanta shi.

Alhaji, ka mayar da Ramatu cikin gurup yau ɗin nan. Sannan ka sa takalmi ka zagaya katangar nan ka yi mata gaisuwa da bakinka. Ba sai ka yi kuka ba, kowa na da shi a waya.