Tiyon Babur a Ɗakin Gwaji

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban manoman Kaoje cikin farar rigata, da niyyar nuna wa duniya cewa ni ma na iya na'ura.

A lokacin ina aiki a wani ɗan ɗakin gwajin ruwa a Bagudo, inda ake kawo mana ruwan rijiya da na fadamar shinkafa mu duba. Na daɗe a wurin, ni ne babba, makulli ma a aljihuna yake kwana. Sai aka ɗauko mana Sidiku, wanda ya yi karatunsa a tsallaken iyaka, can Benin. Yana jin Faransanci da Dandanci da Fulatanci, ga ladabi, kullum "Yaya" yake ce mini. (Da ya yi mini rashin kunya ko sau ɗaya, da na samu abin kamawa. Bai taɓa taimaka mini da wannan ba.)

Rigimar ta fara ne da famfo. Oga ya ce kowannenmu ya zaɓi wanda za a sayo. Irin famfon nan ne da ruwa ba ya taɓa injinsa: tiyon roba ake saƙalawa, wasu ƙananan tayoyi suna juyawa suna matsa shi, ruwan yana tafiya kaɗan-kaɗan, kamar yadda hanji ke tura abinci. Ni na buɗe littafin kaya na nuna mafi girma, mai maɓallai kamar rediyon mota. Sidiku kuwa tambaya ya yi: wane magani zai bi ta ciki, kuma ɗigo nawa muke so a minti? Ya zaɓi ƙarami mai siririn tiyo. Nasa aka sayo. Na taya shi murna da haƙora kawai.

Daga nan komai nasa ya zama laifi a idona. Kowace yamma kafin mu tashi sai ya buɗe maƙallin famfon ya sassauta tiyon, wai kada ya kwana a matse ya lanƙwashe. Na ce a raina, iyayi. Idan yana aiki, famfon na ɗiga a hankali kamar mai ciwon kai, shi kuma yana tsaye yana kallo. Na ce, ragwanci da takardar shaida.

Ana haka Oga ya sanar da cewa mutum ɗaya za a tura kwas na mako biyu a Ibadan, kuma zai yanke shawara bayan ziyarar shugabannin manoma ranar Alhamis. Ranar Laraba aka yi wa yayan Sidiku haihuwa a ƙauyensu, ya tsallaka iyaka, ya ce zai dawo ranar Alhamis kafin azahar. Baƙi kuma da hantsi za su zo. Na ji kamar an ba ni kyauta.

Na duba siririn tiyon nan, na ga ba zai burge kowa ba. Na je wurin masu gyaran babur na yanko tiyon fetur, mai kauri, mai ƙarfi, na cire siririn na jefar, na cusa wannan da ƙyar. (Takardar bayanin famfon tana cikin durowa. Da Faransanci aka rubuta ta, ni kuma na riga na yi fushi da harshen gaba ɗaya.)

Baƙi suka zo, su bakwai, har da wani dattijo Bafulatani, Baffa Jauro, da ya zo daga Bahindi. Na yi musu bayani mai tsawo, na ambaci hanji har sau uku. Baffa ya saurara, ya ce ai wannan tatsar saniya ce, kuma mai gaggawa ba ya samun nono. Na yi murmushin masu ilimi, na saka bakin tiyon cikin kwalbar wani magani mai launin shuni, na murɗa famfon har ƙarshe.

Ya yi gurnani. Tiyon ya ƙi matsuwa, tayoyin suka fara jan sa, yana rarrafe kamar maciji. Kafin in kai hannu ya fizge daga maƙallinsa, ya yi tsalle, ya feshe ni tun daga hula har aljihu. Ragowar ya sauka a kan babbar rigar Oga.

Baffa Jauro ya sunkuya ya ɗauki tiyon, ya shinshina.

"Malam, wanga ai irin na babur ɗina ne."

A daidai nan Sidiku ya shigo, da ƙurar hanya a ƙafarsa. Ya dube ni, ya dubi Oga, ya ciro siririn tiyon daga inda na jefa shi. Cikin minti biyu famfon ya koma ɗigarsa mai ban haushi, ruwan gwajin ya sauya launi, manoma suka yi ta jinjina kai. Sannan ya ce, "Oga, laifina ne. Na tafi ban nuna wa Yaya tiyon da ya dace ba."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Shi ya tafi Ibadan. Ni aka bar wa famfon, da takardar da ya zauna ya fassara mini da hannunsa kafin ya tafi. Abin da na koya bai da yawa: in ana zaɓen famfo, a tambayi abin da zai bi ta ciki, ba wanda zai tsaya yana kallo ba. Rigar tana nan, maiɗakina na goge tagogi da ita. Ni kuma kowace yamma ina buɗe maƙallin in sassauta tiyon, amma sai na leƙa na tabbata ba mai gani na.