Yadda Ake Rubuta Fim Kan Fahimtar Mata Alhali Matarka Ta Yi Yaji

Na daɗe ina sharhin fina-finai a wata jarida a nan Alƙahira kafin in rubuta nawa, wanda ya fito da ƙaramar Sallar nan. Labarin soyayya ne da barkwanci, kan maza uku da suka sha alwashin gano abin da mata ke so. Har yau silima cika take yi. Duk wanda ya bi matakan nan daki-daki, na ba shi tabbacin zai samu abin da na samu, ba ragi.

1. Ka samu dalili

Ka tabbata matarka ta yi yaji. Tawa, Nagwa, ta koma gidan mahaifiyarta a unguwar Shubra tun kafin azumi. Kada ka yi gaggawar biko. Idan maƙwabta sun tambaya, ka buɗe tafukan hannunka ka ce wallahi ba ka san abin da ka yi ba. Duk namijin da ya ji zai yi maka jaje, kuma su ne masu sayen tikitinka.

2. Ka kafa kwamitin masana

A gidan shayi ake kafa shi, inda ba a jin komai sai ƙarar domino. Kada ka gayyaci mace. Za ta kawo bayani, bayani kuwa kashe fim yake yi tun bai kai ko'ina ba.

Ni na samu Midhat, daraktanmu, wanda aurensa biyu ya mutu, da Sobhi, furodusa, tuzurun da har yanzu mahaifiyarsa ke zaɓa masa riga.

"Ustaz Fikri, mace kogin Nilu ce," Midhat ya ce mini. "Sama lumui, ƙasa kada."

"Ka ji malami," in ji Sobhi. "Mata biyu ne fa suka gudu suka bar ka, ranka ya daɗe."

"Shi ya sa na fi ka karatu. Kai wace mace ta taɓa gudunka? Ai sai an zo ake guduwa."

Ka rubuta duka. Maganar mazan fim ɗinka ta samu ke nan.

3. Ka samo wa jaruma abin faɗa

A nan za ka maƙale. Maza uku sun cika shafi, wurin macen fari fat. Kada ka damu, ka tuna gida. Duk abin da matarka ta taɓa faɗa maka kana karatun jarida yana nan cikin kanka. Ni da kaina na yi mamakin yawansa. Ga kaɗan:

"Ka san sunan kowane mai tsaron raga tun zamanin kakanka, amma ba ka san sunan likitan gwiwata ba."

"Ranar da na mutu a jarida za ka gani, kuma sai ka gama gyara rubutun kafin ka yi kuka."

"Alhamis ɗaya nake so, ka zauna da ni a baranda, ba rediyo."

Kada ka canza ko kalma. Ɗan jarida na ƙwarai ba ya taɓa maganar majiyarsa.

4. Ka nemi ɓoyayyiyar ma'ana

Wannan ne tsakiyar fim. Mace ta ce baranda, to maza uku su zauna su binciko abin da take nufi. Midhat ya ce sabon gida take so. Sobhi ya ce awarwaron zinariya. Muka sa jarumin ya gwada duka biyun, har da hayar jirgin ruwa da makaɗa, ya faɗa cikin kogi da furanni a hannu.

Mai yiwuwa 'yar wasan ta kawo cikas. Tamu, Madam Shahinaz, ta ajiye takardar ta dube ni ta saman tabarau.

"Ustaz, tambaya ɗaya. Me zai hana bawan Allahn nan ya je ya zauna a barandar?"

"Madam, ai fim ɗin zai ƙare."

"Wa ya rubuta maka maganar matar?"

"Ni."

"Allah ya ba ta haƙuri," ta ce, ta ɗauki takardarta.

Ka ɗauki wannan a matsayin yabo. Haka na yi.

5. Ka je biko da tikiti

Ranar Sallah ka ɗauki farantin basbusa, wato alkakin Masar, da tikiti biyu. Dabarar ita ce ta ga namijin da ya yi fim sukutum don ya fahimci mata, zuciyarta ta yi laushi, ku wuce gida daga silima. Surukata, Hajja Ihsan, ita ta buɗe ƙofa.

"Ka rame, ɗana," ta ce. "Madalla. Tikiti nawa ne?"

"Biyu, Mama."

"To ka sayi naka a can."

6. Ka kalli 'yan kallo

Kallon yamma muka shiga, Hajja a tsakiyarmu tana ɓare 'ya'yan kankana. Za ka lura da abu guda: maza ne ke dariya. Da jarumar ta yi maganar likitan gwiwa, wani ya riƙa dukan kujera don daɗi. Matar da ke bayanmu ta ce da ƙarfi, "Faɗa masa, 'yar'uwa!" sannan muka ji mijinta ya ce wash.

Kada ka leƙa fuskar matarka. Ni na leƙa. Leɓunanta suna motsi, tana riga Madam Shahinaz kaiwa ƙarshen kowace magana.

7. Ka nemi sharhi

A bakin titi, ana jiran tasi, ka gyara kwala ka tambaye ta yadda ta gani.

"Kalma ɗaya ba ka yar ba, Fikri," in ji Nagwa. "Har tarin da na yi a tsakiya ka sa."

"Aikin ke nan, uwargida."

"Ashe kana ji."

Ka yi shiru a nan. Ni na ce, "Ban gane ba."

"Ka gane. Duk shekarun nan uzuri nake yi maka. Ina ce wa Mama, bar shi, ba ya fahimta ne, haka Allah ya yi shi. Jakata ma a ɗaure take, na ce bayan Sallah zan koma." Ta buɗe wa mahaifiyarta ƙofar tasi. "Yanzu sai na sake tunani."

Hajja Ihsan ta leƙo ta taga. "Fim ya yi kyau, ɗana. Wurin faɗawa ruwan ya fi."

Sanarwa

Wannan jagora ce kawai. Marubucin ba zai amsa ƙarar kowane magidanci da matarsa ta fito daga silima ta daina yi masa uzuri ba, kuma a daina aiko su ofishinmu. Duk abin da ya biyo baya tsakanin mutum ne da surukarsa. Sobhi ya matsa mini in rubuta wani fim ɗin kafin babbar Sallah, na ce masa ba zai yiwu ba. Maganar mazan tana nan jibge. Ta macen ce babu, don babu mai yi mini magana a gidan.